Yadda Ake Sauya Tayoyin Ƙananan Motocin Ƙarfe na Ado

Tambayar da masu tara ƙananan motocin ƙarfe suka fi maimaitawa ita ce ta taya. Mota ta yi kyau, fenti lafiya lau, amma an sa mata wilin filastik mai ƙyalli wanda bai dace da zamaninta ba, ko kuma tsohuwa ce robar ta bushe ta tsattsage. Aikin ba shi da wuya, sai dai yana da tsari, kuma yawancin ɓarnar da ake yi daga tsallake awo take fitowa. Wili mai tsada da ya fi ƙarfin kogon taya ya fi mai araha da ya zauna daidai muni.

Bayanin ya fi ƙarfi a kan ƙananan nan na ma'aunin 1:64, wato waɗanda motar gaske ta ninka tsawonsu sau 64, irin su Hot Wheels, Matchbox, Majorette da Tomica, domin su ake rufewa da ribit, ɗan ginshiƙin ƙarfe mai daddannen kai da ke riƙe shasi da bodi, su ne kuma suka fi ba da wahala. Manya na 1:24 da 1:18 da tsofaffin Dinky da Corgi suna da nasu sashe a gaba.

Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Injin huda mai batir wanda ake iya rage masa gudu, da baki biyu: na milimita 1.6 da na milimita 4 ko 4.5. Ƙaramin magagari, filaya mai yanka, matsefata, reza, sanfefa mai lamba 400 da 600, salatif na takarda, tsinken sakace. Sukuru M2, wato masu kaurin milimita 2, masu tsawon milimita 3 ko 4. Gam iri biyu: sufa gulu, da gam mai haɗi biyu wanda makanikai ke kira fo-minit. Sai ma'aunin kauri na dijital, kuma shi ne abin da ba a yi masa madadi. Rula ba ta nuna rabin milimita, a wannan aiki kuwa rabin milimita ke raba taya mai juyawa da mai gugar bodi.

Kusan duk wannan ana samunsa a Sakkwato ba tare da oda ba. Sukuru M2 su ne cike a cikin kwamfutar cinya, don haka mai gyaran kwamfuta zai tara maka su daga matattun injuna a kuɗi kaɗan, kuma nasu masu faffaɗan kai sun fi dacewa. Ƙananan bakin huda a nemi wajen masu gyaran agogo da maƙeran zinari idan masu kayan gini na Babbar Kasuwa ba su da shi. Abin da sai an yi oda ta intanet shi ne wilin kansa da tayar roba. Farashinsa da dala yake tafiya: saitin filastik mai tayar roba ya fi araha, na alminiyam da aka sassaƙa ya ninka shi sau da yawa. Kuɗin aikowa kan fi kuɗin saiti ɗaya, shi ya sa gara a haɗa saiti biyar ko goma a oda guda, ko a haɗa kai da wasu masu sha'awar. Wata hanyar ita ce cire tayoyi daga Hot Wheels mai tsada, masu tayar roba da kamfanin ke kira Real Riders, amma mota guda ake kashewa don a raya wata.

1. Juya motar ka karanta ƙasanta

Kafin komai, tabbatar motar ta cancanci hudawa. Hot Wheels masu jan layi a gefen taya na 1968 zuwa 1977, Matchbox da aka rubuta wa Lesney da England, da Hot Wheels masu alamar TH (Treasure Hunt) waɗanda suka zo da tayar roba tun daga kamfani, duk waɗannan darajarsu a rufe take. Da zarar baki ya taɓa ribit, ta tafi. Ka koyi aikin a kan mota ta gama-gari, ko wadda yara suka riga suka ƙoƙe wa fenti.

Gargaɗi: shekarar da ke rubuce a ƙasan Hot Wheels ta haƙƙin zane ce, ba shekarar da aka ƙera wannan ƙwayar ba. Ganin 1969 a ƙasa ba ya nufin tsohuwa ce. Dubi taya da ƙasar da aka ƙera ta.

Duba kuma ko shasin filastik ne ko ƙarfe, da yawan ribit. Galibi biyu ne, gaba da baya. Wasu ɗaya ne, ɗaya gefen harshe ne da ke saƙale a bodi.

2. Awo, kafin ka sayi komai

Abu uku ake aunawa: tsayin tsohuwar taya daga gefe zuwa gefe, faɗinta, da faɗin kogon taya daga gaba zuwa baya. Sabuwar taya ta gaza kogon da aƙalla milimita 1, in ba haka ba za ta gugi bodi.

Sannan a yi lissafin girman gaskiya. Ɗauki Peugeot 504, Fijon da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, mai taya 175, wato mai faɗin milimita 175, a kan wilin inci 14. Inci 14 milimita 356 ne. Gefen taya kusan kashi 80 cikin ɗari na 175 ne, wato 140, sama da ƙasa 280. Jimla 636. Raba da 64 ya ba ka milimita 9.9, da 43 ya ba ka 14.8, da 18 kuwa 35.3. Volkswagen Beetle mai taya 165 a kan inci 15 tana bayar da kusan 645, wato milimita 10 a 1:64. Ka ga ke nan yawancin tsofaffin motocin gida tayar milimita 10 zuwa 10.5 ce tasu, alhali masu sayarwa sun fi tallata ta 11 da 12.

Sai dai ƙananan motocin nan ba duka ne 1:64 na gaskiya ba. An ƙera su ne su shiga kwali iri ɗaya, don haka ƙaramar mota kamar Mini tana fitowa da girma fiye da ma'auni, doguwar Cadillac kuma a tsuke. Tsofaffin Matchbox da Tomica sukan rubuta ma'aunin gaskiya a ƙasa. Yi lissafi da wannan lambar. Idan lissafi da kogon taya suka saɓa, kogon ake bi.

Abin da ya fi tsayin taya muhimmanci a tsohuwar mota shi ne kaurin gefenta. Motocin da suna da ƙaramin wili da roba mai tudu. Sa musu babban wili da siririyar roba irin ta motocin yanzu shi ne kuskuren da ido ya fi saurin kamawa, ko da mai kallo bai san dalili ba. A taya mai milimita 10, wilin kada ya wuce 6 zuwa 6.5.

Salon wili ma ya bi zamani. Beetle da 504 wilin ƙarfe ne da murfi mai sheƙi. Marsandi W123 ta 1976 murfinta launin bodi yake ɗauka, da tauraro a tsakiya. Jaguar E-Type ta 1961 wili mai wayoyi kamar na keke. Porsche 911 wili mai ganye biyar na kamfanin Fuchs, Mini Cooper wili mai ƙafa takwas samfurin Minilite. Motocin Amurka na shekarun 1950 faffaɗan farin gefe. Daga wajen 1962 farin ya tsuke ya koma siririn layi, jan layi ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1960, fararen haruffa kuma a ƙarshensu zuwa shekarun 1970. Wanda ke son ya saɓa wa zamani da gangan, motarsa ce, amma ya san ya saɓa.

3. Huda ribit

Rufe bodin da salatif na takarda, ka kifar da motar a kan tsumma mai kauri da aka ninka. Kada a matse ta a maƙalar ƙarfe; rufin kan lotsa, gilashi kuma ya tsage.

Fara da bakin 1.6. Kan ribit yana da ɗan rami a tsakiya, a nan za ka dasa bakin, ka huda zurfin milimita 2 kacal, a miƙe. Wannan ramin shi zai riƙe babban baki kada ya zame, shi ne kuma farkon gidan sukuru. Yin sa yanzu ya fi sauƙi, domin bayan an aske kai babu abin da zai nuna maka tsakiya.

Sauya zuwa bakin 4 ko 4.5. Aikinsa aske leɓen ribit kawai, ba nutsewa ba. Gudu kaɗan, danna kaɗan, daƙiƙa biyu ka ɗaga ka duba. Za ka ga leɓen yana sirancewa har ya fita kamar zobe. Da ya fita, tsaya.

Gargaɗi: ƙarfen motocin nan haɗin tutiya ne da ɗan alminiyam, yana da laushi, baki na cafke shi ba zato. Idan ya cafke, motar kan juya a hannu ko bakin ya faɗa cikin shasi. A shasin filastik ƙarin haɗarin zafi ne: gudu da yawa na ɗumama ribit ya narkar da filastik ɗin da ke kewaye, ramin ya yi faɗin da kan sukuru ba zai riƙe ba. Juyi na ƙarshe ma an fi so a yi shi da hannu, a riƙe bakin da yatsu. Sa tabarau, ɓarɓashin yana tsalle.

Yanzu sa siririn sukudireba tsakanin shasi da bodi kusa da ribit, ka ɗan murɗa. In ya ƙi, saura leɓe; koma ka ƙara askewa. Banƙara da ƙarfi na lanƙwasa shasi, lanƙwasasshen shasi kuma ba ya barin tayoyi huɗu su taka ƙasa tare. Cire kujeru da gilashi, ka ajiye gilashin cikin takarda mai laushi nesa da wurin aiki. Ɗauki hoton yadda suke a jere kafin ka raba su.

4. Gidan sukuru

Ginshiƙin da ribit ya bari a jikin bodi, shafe kansa da magagari ya kwanta, amma kada ka rage masa tsawo fiye da kima. Auna tsawonsa daga kai zuwa inda ya haɗu da bodi. Ramin sukuru ya gaza wannan da aƙalla milimita 1.5. Naɗa salatif a jikin bakin 1.6 daidai zurfin da kake so, ka tsaya idan salatif ya taɓa.

Gargaɗi: ginshiƙin gaba a motoci masu kwantaccen bonet gajere ne ƙwarai. Nan ne baki ke ɓullowa ta saman bonet, kuma wannan ramin ba ya ɓoyuwa sai da sabon fenti gaba ɗaya. Idan ginshiƙin bai kai milimita 4 ba, haƙura da sukuru a wannan gefen, a rufe da ɗigon fo-minit daga ƙarshe.

Wanda yake da abin yanka tiredi na M2, wato abin da ke yanka wa sukuru hanya a cikin rami, ya ɗiga mai kaɗan, rabin juyi gaba, kwata baya, yana fitar da ɓarɓashi. In ya karye a ciki ba ya fita, domin ya fi kowane bakin huda tauri. Wanda ba shi da shi ya buɗa ramin zuwa 1.7 ko 1.8, ya shafa wa sukurun ƙarfe mai, ya shigar da shi a hankali gaba da baya. Zai yanka wa kansa hanya. Goge man tas da sifirit bayan an gama, gam ba ya kama wuri mai maiƙo.

5. Cire tsohon aksil

A shasin filastik wasu 'yan haƙora ne ke danne aksil, siririn ƙarfen da tayoyi ke juyawa a kansa, a cikin kwarinsa. Yanke su da reza, ko ka ɗaga su da bakin sukudireba. A shasin ƙarfe haƙoran daddanne suke, kuma tutiya ba ta lanƙwasuwa sau biyu, karyewa take yi. Shafe su da magagari kawai, tunda gam zai maye gurbinsu. Tomica, Majorette da Matchbox Superfast suna da siririn ƙarfe ko filastik mai danne aksil yana ba motar lilo. Lura da yadda yake zaune, domin ana iya mayar da shi in sabon aksil siriri ne.

Kada a zubar da tsofaffin tayoyi, suna rufa asirin wata motar.

6. Gyaran sabuwar taya

Wannan matakin kafin haɗawa ake yinsa. Zare robar daga wili, ka wanke ta da sabulu da ruwa, saboda tana zuwa da santsin da aka shafa wa mazubi, fenti ba ya zama a kansa.

Sabuwar taya tana da sheƙi da ɗan layin haɗi a tsakiyar inda take taka ƙasa. Saka ta a jikin fensir ko sukurun da ya cika ta, ka juya a kan sanfefa 600 har sheƙin ya mutu, layin ya ɓace. Gefe kuwa a bar shi. Wannan ɗan aikin na minti biyu ya fi kowane ado sa taya ta yi kama da ta gaske.

Farin gefe: faɗin na Chevrolet Bel Air ta 1957 bai wuce inci biyu da rabi ba, wato milimita 1 a 1:64, kusan 2.6 a 1:24, 3.5 a 1:18. Mayar da robar kan wili, ka soke wilin a tsinke, ka ɗaura tsinken a injin huda, gudu mafi ƙanƙanta. Jingina hannunka a tebur, ka taɓa alƙalamin fenti fari na akirilik a gefen taya tana juyawa. Hannu ba ya motsi, taya ce ke zagayawa. Shafi biyu ko uku marasa kauri, da minti goma a tsakani. In layin ya karkace, goge da jiƙaƙƙen tsinke kafin ya bushe.

Gargaɗi: fentin mai ba ya bushewa a kan tayar roba mai laushi, zai yi ta danƙo wata da watanni yana kwasar ƙura. Farin ruwan goge rubutu kuma tsagewa yake yi da an taɓa. Akirilik mai ruwa kaɗai. Kuma fentin ya zo bayan robar ta hau wili, domin miƙa ta daga baya na fasa shi. A lokacin hunturu akirilik kan bushe a bakin alƙalami kafin ya kai ga taya. Rufe shi tsakanin shafi, ka yi aikin a ɗaki a rufe don ƙura.

Wilin da ya cika ƙyalli, tsinka baƙin akirilik da ruwa sosai ka ɗiga a cikin ramukansa, ka goge saman da audugar kunne. Ramukan za su yi zurfi a ido.

7. Sabon aksil

Hanya mafi inganci ita ce bututu da fil biyu: bututu manne a shasi, kowace taya da fil ɗinta. Amfaninta shi ne kai ke yanke faɗin, ba mai sayarwa ba.

Masu oda suna sayen bututun tagulla na milimita 1.5 ko 1.6. A gida akwai madadi biyu. Na farko sabuwar allurar sirinji daga kemis: lamba 18 mai ruwan hoda tana da kauri kusan 1.3 da rami 0.8, daidai da fil ɗin tela. Lamba 16 raminta kusan 1.2, tana ɗaukar aksil na milimita 1 da ke zuwa da saitin oda. Na biyu siririn bututun jan ƙarfe na masu gyaran firij, mai lamba 031 ko 036. Shi ya fi sauƙin yanka amma kaurinsa ya kai milimita 2, sai an zurfafa masa kwari, kuma a naɗe yake zuwa, sai an murza shi tsakanin gilashi da katako ya miƙe.

Gargaɗi: allura sabuwa fil daga ledarta kaɗai, kuma tsinin shi ake fara cirewa a jefa cikin gwangwani mai murfi. Kada a yanka kowane bututu da filaya, bakin zai matse. Zaga shi da gefen magagari ka karya, sannan ka shafe bakin ka buɗe ramin da tsinin fil.

Tsawon bututu: auna faɗin cikin bodi daga bangon kogo zuwa bangon kogo, cire faɗin tayoyi biyu, cire ƙarin rabin milimita zuwa ɗaya. Misali, ciki 26, kowace taya 4.5: 26 a cire 9 saura 17, a yanka 16.3. Gaba da baya a auna su daban, sau da yawa ba ɗaya suke ba. Tsofaffin motoci tayarsu a cikin bodi take fakewa, ba ta leƙowa waje.

Zura fil ta wajen wili, kan fil ya tare shi. In ramin wili ya fi kan fil faɗi, sa ƙwayar tsakiya guda, irin ta ado, a tsakani. In ramin ya fi jikin fil faɗi sosai taya za ta riƙa rawa. Nemi fil mai kauri ko ka yi amfani da aksil ɗin da saitin ya zo da shi a yanka biyu. Yanke kowane fil ya gaza rabin bututu kaɗan don kada su yi karo a tsakiya. Ɗan lanƙwasa ƙarshensa kaɗan, yadda zai shiga da ɗan tauri. Kada a sa gam tukuna.

8. Tsayuwar mota, sannan gam

Nan ne aikin ke kyau ko ya lalace. Ɗora bututun biyu a kwarinsu, riƙe su da guntun salatif, mayar da kujeru da bodi ba tare da sukuru ba, ka ajiye motar a kan gilashi. Durƙusa ka kalle ta daidai tsayin tebur, daga gefe, gaba da baya. Abin dubawa: taya tana tsakiyar kogo? Ratar sama ɗaya ce hagu da dama? Huɗun sun taka?

In motar ta yi tsayi, sa siririn filastik a ƙarƙashin bututu ta yadda aksil zai matsa sama cikin bodi, ka kuma shafe ƙasan kujeru in su ke tare shi. In ta yi ƙasa, zurfafa kwarin ta yadda bututu zai sauka ƙasa. Tsofaffin motoci ƙasansu na da ratar santimita 15 zuwa 20, wato milimita 2.3 zuwa 3 a wannan ma'auni. Tsohon katin ATM kaurinsa 0.76 ne, don haka uku ko huɗu a jere ƙarƙashin shasi suna riƙe shi a daidai tsayin yayin da tayoyin ke taka gilashi. A haka ake sa gam, ba a hannu ba.

Cire bodi, bar shasin a kan katunan. Ɗiga sufa gulu kaɗan da tsinke a tsakiyar bututu don ya tsaya, duba cewa aksil biyun suna layi ɗaya ba karkace, sannan ka rufe tsakiyar da fo-minit. Ka bar milimita 2 a kowane bakin bututu babu gam.

Gargaɗi: a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, fo-minit ba ya kai minti huɗun, kwaɓa kamar ƙwayar wake, na aksil ɗaya a lokaci ɗaya, da safe. Sufa gulu kuwa da danshin iska yake kamawa, shi ya sa a hunturu yake jinkiri. Kada ka ƙara yawansa, hura masa numfashi kawai.

Fil ɗin su ne ƙarshe. Tsaga guntun takarda mai ɗan kauri ka saƙala tsakanin wili da bakin bututu. Taɓa gam a ƙarshen fil kaɗai, tura shi ciki, jira, zare takardar. Ratar da ta bari ita ce ke barin taya ta juya. Gam a bakin bututu yana bin fil ya shiga wili ya daskarar da shi. In ana son santsi, goga bakin fensir a wurin. Mai yana tara ƙura kuma yana kumbura roba.

9. Rufewa

Bar shasin a buɗe ya kwana. Tururin sufa gulu yana barin farin hazo a kan gilashi da abin da ke da sheƙin azurfa, kuma in ya kama cikin gilashi da wuya ya fita. Washegari mayar da gilashi, kujeru, shasi, ka ɗaura sukuru har ya zauna, ban da ƙarin juyi. Tiredin tutiya ba ya jure matsi. In ramin shasi ya yi faɗi, sa ƙaramin wosha. Tura motar a kan gilashi: in tana karkata gefe guda, aksil ɗaya bai miƙe ba; in tana tsayawa da wuri, nemi inda roba ke gugar bodi ka shafe cikin kogon da magagari.

Gargaɗi: motar da aka yi wa wannan aiki ta daina zama abin wasan ƙananan yara. Fil da tayar roba suna fita, suna kuma shiga baki.

10. Manyan motoci da tsofaffin Ingila

Maisto, Bburago, Norev da sauran na 1:24 da 1:18 da sukuru ake rufe su, kuma sau da yawa ba sai an buɗe ba. Wilin a cushe yake a kan ɗan sandan filastik. Riƙe abin da ke bayan wilin da yatsu ko filaya, ka murɗa kana ja a miƙe. Na gaba su ne masu haɗari, domin suna kan hannun sitiyari, shi kuma siriri ne. In ya ƙi fita, duba ƙarƙashin murfin tsakiya, wasu da sukuru suke, wasu an narkar da kan sandan. In sandan ya karye, huda ɓangarorin biyu ka dasa guntun ƙusa na milimita 1.5 da fo-minit.

Don zare roba daga wili, tsoma shi a ruwan zafi wanda bai tafasa ba, kusan digiri 60, minti ɗaya ko biyu. Tafasasshen ruwa yana lanƙwasa wilin.

Tsofaffin Dinky da Corgi masu wilin ƙarfe ba a buɗe su ko kaɗan. Robar kawai ake zarewa a zura sabuwa mai ɗumi, kuma wannan ba ya taɓa darajarsu yadda huda ke yi. Da yawan motocin Dinky tayar milimita 15 suke ɗauka. Kafin ta oda ta iso, zoben roba irin na famfo da kabureta yana tsayawa a madadinta. Zaɓi wanda cikinsa ya gaza kwarin wili da kusan milimita 1. Tsohuwar da ta bushe ta manne, jiƙa ta a ruwan ɗumi ka ɓanɓare da tsinke, ba da wuƙa ba.

11. Kare taya daga zafi

Tayar roba mai laushi tana ɗauke da sinadarin da ke hana ta tauri, kuma a hankali yana fita ya narkar da filastik mai tauri da ya taɓa: wilin kansa, ko faifan da motar ke zaune a kai, har da banish ɗin katako. Zafi na gaggauta wannan. Alamar farko ita ce danshi mai danƙo a inda roba ta haɗu da wili. Rigakafin a mataki na 6 ake yinsa: shafa wa kwarin wili akirilik marar launi shafi biyu, ya bushe kwana guda kafin roba ta hau, a manyan motoci kuma a naɗa siririyar takardar alminiyam. Ƙarƙashin kowace taya a shogilas a sa guntuwar farar takarda, ko a yi shimfiɗar da gilashi.

Kada a ajiye su kusa da taga mai rana, ko saman kabad dab da rufin kwano, balle gaban mota. Na 1:18 suna da nauyi, robar kan baje a inda take taka ƙasa. Sa ɗan katako ƙarƙashin shasi ya ɗauke nauyin, tayoyin su taɓa ƙasa da ƙyar. Man sheƙin taya, basilin da man birki duk a nisanta su: biyun farko na lalata roba, na ukun yana cin fenti. Ƙurar hunturu burushi mai laushi ya ishe ta. In za a adana mota a akwati, a naɗe ta da takarda mai laushi marar rubutu, kada tayar wata ta jingina da fenti ko gilashin wata, sannan a buɗe a duba su bayan kowace bazara.